Neman Ɗan Zariya a Kamaru

Garwa ta tarbe ni da zafin da ban taɓa jin irinsa ba, ni da nake taƙamar na san rana a Samaru. Na sauko daga mota da jaka ɗaya, da tsohon hoto a aljihun gaba, ƙafafuna sun yi tsami saboda kwana biyu a zaune. Na tsaya tsakiyar tasha ina rarraba ido. Kowa na magana amma ba na jin kowa. Wannan ya yi Fillanci, wancan ya yi Faransanci, ni kuwa daga Hausa sai ɗan Turancin da na tsinta a bakin ɗalibai. Wallahi da motar da ta kawo ni ta juya a lokacin, da na bi ta.

Sunana Sabi'u, amma a gida Auta ake ce mini. Ina da ɗan shago kusa da ƙofar jami'a, inda nake ɗinke kundin 'yan ajin ƙarshe in yi masa bango. Mu bakwai Inna ta haifa, uku muka rage: Yaya Lawal, da Yaya Hajara da ke aure a Jushi, sai ni. Yaya Lawal mai gyaran keken ɗinki ne, a Sabon Gari ya koyi aikin wajen wani Bayarabe. Shekara goma sha huɗu da suka wuce suka yi sa'insa da Baba a kan maganar da har yau ban san kanta ba, ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya fice. Baba ya rasu bai dawo ba.

Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. Ko wani Lawal ne ya zo sayen waina a ƙofar gidanmu, sai ka ji ta ce, "A ba mai sunan wancan ta hamsin." Duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin ta tambayi inda yake ba.

Sai ciwo ya kwantar da ita. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, asibiti suka ba mu magani suka ce mu koma gida. Ni nake zaune da ita a unguwarmu Hayin Dogo, cikin Samaru. Ni nake ɗaga ta in fito da ita baranda da hantsi, ni nake dama mata kunu kafin in tafi shago, ni nake shafa mata man zafi. Ana cikin haka wani Alhaji mai sayar da takalma a kasuwar Sabon Gari ya zo dubiya, ya ce ai ya ga Lawal da idonsa a Garwa, can ana kiransa Ɗan Zariya. Inna ta juya fuska bango kamar ba da ita ake ba. Bayan kwana biyu ina matsa mata ƙafa sai ta ce, "Auta, wai Garwa ta fi Kano nisa?"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ni kuwa sai na ji kamar ta kama hannuna ta ce je ka kawo mini shi kafin in mutu. Yaya Hajara ta yi faɗa, ta ce ni ne hannun Inna ni ne ƙafarta, ina zan tafi in bar ta? Na ce mata mako ɗaya ne kacal, ta zo ta zauna a madadina. Ina da taurin kai, kowa ya sani, ita ma ta gaji ta ƙyale ni.

To ga ni a Garwa. Ina tsaye a tashar nan sai wani mutum cikin shuɗiyar shadda mai guga ya matso, ya yi mini sallama da Hausa tsantsa. Daɗin da na ji, kamar in rungume shi. Ya ce sunansa Bappa. Kafin ya tambaye ni komai ni da bakina na zazzage masa labari kaf, har da cewa Yaya Lawal bahago ne.

"Ɗan Zariya mai keke? Bahagon nan?" in ji shi, ya tafa hannu. "Kai, duniya ba ta da faɗi! Ai jiya ma tare muka sha shayi."

Kwana huɗu Bappa yana yawo da ni. Duk inda muka je, Ɗan Zariya yanzun nan ya tashi. Yau ya tafi ɗaurin aure ƙauye, gobe an kira shi gyara a ƙetaren kogi, jibi matarsa ba lafiya. Idan rana ta take sai Bappa ya ce mu ɗan taɓa wani abu a bakin ruwa, ya zaɓi kifin da ya fi kowane girma, ni in biya. Yana ci yana ba ni labarin kirkin yayana, ni kuma ina washe baki kamar gonar auduga. A rana ta huɗu ya ce layina na Najeriya ba ya aiki a nan, in kawo wayar ya sa mini na ƙasar, yanzu zai dawo. Ya zaunar da ni gindin wata darbejiya kusa da mai shayi.

Na zauna tun hantsi har aka kira la'asar. Mai shayin ya gaji da ganina ya tambaye ni wa nake jira. Na ce Bappa.

"Mai shuɗiyar shadda?" Ya ci gaba da ɗauraye kofunansa. "Au, yau Bappa yake?"

Ban yi kuka ba, amma na zagi kaina zagin da ban taɓa yi wa wani ba. Ni da nake yi wa ɗaliban ƙauye dariya idan 'yan damfara suka wanke su a tashar Kwangila ta Zariya, yau ga ni an yi mini wankin babban bargo. Duk lambobin da na sani suna cikin wayar nan. Ta Yaya Hajara kaɗai na haddace, ita ma don na rubuta ta da biro a bangon ɗakin Inna ne, kullum ina ganinta.

Daga ranar na daina bin kowa. Na riƙa shiga shagon tela ɗaya bayan ɗaya, in yi sallama in miƙa hoto. Hoton kuwa na Yaya Lawal ne a wata ƙaramar salla tun yana saurayi, ya koɗe har idanun sun kusa ɓacewa. Wasu su girgiza kai ba tare da sun ɗaga ƙafa daga kan keke ba. Wasu su ce e, akwai Ɗan Zariya a bayan mahauta. Na je bayan mahauta na tarar da wani ƙaton mahauci, mutumin Giwa, yana sara ƙashi. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni ya yi dariya har wuƙar ta kusa faɗuwa.

"Ɗan'uwa, a garin nan duk wanda ya taɓa shan ruwa a Kwangila, Ɗan Zariya ne. Mu biyar na sani, ban da wanda ya mutu."

Amma mutumin kirki ne. Ya ba ni tsire a takarda, ya ba ni wayarsa na kira gida. Yaya Hajara ta ce jiki da sauƙi, ta kara wa Inna wayar a kunne. Muryar ta yi ƙasa sosai.

"Auta, kana cin abinci?"

"Ina ci, Inna."

"To."

Na jira ko za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba. Mahaucin ne ya haɗa ni da wani tsohon tela, wanda ya ce tabbas ya san wani bahago mai gyaran keke, ba ya son magana, amma damina huɗu ke nan da ya koma Gaundare. Makon da na yi alkawari ya riga ya cika har da ɗoriya. Na ce a raina ai Gaundare wuni ɗaya ce, mai nema yana tare da samu.

Gaundare gari ne mai sanyi, a kan tudu, kullum ruwa kamar an huda sama. Ban zo da rigar sanyi ba. A barandar wani masallaci kusa da kasuwa na sauka, limamin ya ce in zauna muddin ba na shan taba. Da ya ji sana'ata sai ya fito mini da wasu tsofaffin littattafai da suka wargaje, na nemi zare da gam da kwali na ɗinke masa su, shi kuma ya riƙa sa wa ana kawo mini tuwo daga gidansa. Hausarsa kaɗan ce, Fillancina babu, hirarmu ba ta wuce sannu da madalla.

A garin nan na san kaɗaici. Ba yunwa ce ta fi damuna ba, rashin wanda zan yi wa ƙorafi ne. Ni mutum ne mai surutu, a shagona har ɗalibai kan ce in bar su su ji da abin da ya dame su. Sai ga shi ina wuni ban yi maganar da ta kai jimla biyar ba. Idan na gama zagayen teloli nakan tafi tashar jirgin ƙasa in zauna kan wani dakali. Baba ma'aikacin jirgi ne, a kwatas ɗin Sabon Gari aka haife mu kafin mu koma Samaru. Warin baƙin mai da ƙarar ƙarfe suna kai ni gida. In na ga masu jiran baƙi suna rungumar 'yan'uwansu sai in ji haushinsu, ba su yi mini komai ba.

Wata safiya ina ratsa layin 'yan tumatir sai na ji wata mata tana faɗa da mai kaya.

"Wannan tumatir ne ko dutse? Kwandon jiya ma rabi ruɓaɓɓe ne. Ni ba baƙuwa ba ne a kasuwan nan, kar ka raina mini wayo!"

Na tsaya cak. Ba baƙuwa ba ne. Kasuwan nan. A duniya mu kaɗai muke magana haka, Kanawa har tsokanarmu suke yi wai ba mu san mace ba mu san namiji ba. Na juya na ga wata ƙatuwar mata 'yar ƙabilar Ibo, da ɗaurin zane biyu da sarƙar gicciye a wuya.

"Mama, don Allah ke 'yar Zariya ce?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai kuma ɗan ina ne?"

"Samaru."

Sai ta saki kwando ta ɗora hannu a ka ta ƙwala ihu, har mutane suka waiwayo. Maman Chidi ake kiranta. A bayan layin dogo aka haife ta a Sabon Gari, can ta yi makaranta, aure ne ya kawo ta Kamaru shekara ashirin da wani abu, tana da rumfar abinci a bakin tasha. Ta ja ni har rumfar tana jero mini tambayoyi. Har yanzu ana kawo rake daga Maƙarfi? Gadar nan ta Kubanni an gyara ta? Tsohon nan mai ƙosai a bakin coci yana da rai? Wasu na sani, wasu na yi mata ƙarya don kada in ɓata mata rai. Ta zubo mini shinkafa da miya har tana zuba ƙasa. Ta ga ina juya naman da cokali sai ta harare ni.

"Ci abinka, malam. Bahaushe ne ya yanka, ni ma na san doka."

Na ci, hawaye na zuba cikin kwanon, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba ta shiga goge tebur. Tun da na bar gida ba wanda ya yi mini tsawa irin ta gida sai ita.

Ita ta ɗauki neman a kanta. Akwai wani tela a cocinsu, ta kai masa hoton, ya ce ya san mutumin, har ya taɓa gyara masa keke biyu, amma ya ji an ce ya gangara Yawunde inda teloli suka fi yawa. Ranar nan ta ba ni wayarta na kira gida. Lokacin na cika mako uku.

"Yaya, ya jikin Inna?"

"Da sauƙi."

"Ba ni ita."

"Tana barci, Auta. Yaushe za ka dawo?"

Na ce na kusa, na samu labari mai ƙarfi, saura ƙiris. Ta ce Allah ya sa. Maman Chidi na tsaye a kaina da ludayi a hannu.

"Me ta ce?"

"Ta ce da sauƙi."

"Hmm. Ku Hausawa!" Ta ajiye ludayin. "Maƙwabciyanmu a Sabon Gari, Hajiya Kande, da safe na shiga gaishe ta aka ce mini da sauƙi. Kafin azahar aka fito da makara. Ku ko mutum na shure-shure da sauƙi ne. Ɗana, ka koma gida. Wanda ya yi shekara sha huɗu bai nemi uwansa ba, ba kai za ka koya masa hanya ba."

Raina ya ɓaci. Na ce mata ta daina yi wa uwata mugun baki, ita me ta sani? Matar da ta ciyar da ni kwana shida, ita na ɗaga wa murya a gaban masu cin abincinta. Gaskiyar magana kuwa kunya nake ji. Da wane ido zan shiga Hayin Dogo hannu rabbana, ba waya, ba yaya, bayan na cika baki? Ina hango Yaya Hajara tana cewa ai na faɗa maka. Ina hango Inna ta dubi bayana ta ga ba kowa, ta juya fuska bango. Wannan ne ba zan iya ɗauka ba.

Maman Chidi ba ta rama ba. Washegari ta ƙulla mini burodi da gyaɗa a leda, ta ba ni wata tsohuwar rigar sanyi ta mijinta, ta raka ni har bakin jirgi. Ta ce in na ga Zariya in gaishe ta. Ko haƙuri ban ba ta ba, abin yana cina har yau.

Yawunde duk tudu ne da gangare da jar laka. Unguwar Hausawa kuwa cunkus take, hayaƙin tsire ta ko'ina, teloli jere a layi kamar ba za su ƙare ba. A nan kowa na jin Hausa, amma kowa na sauri. Na yi zaton jin harshena zai rage mini kewa, ashe ƙara ta zai yi, don suna magana irin tawa amma ba wanda ya san ni. Aka nuna mini wani Ɗan Zariya, na hau tudu na sauka na same shi a shagon sayar da yadi. Kakansa ne ya zo daga Zariya, shi ko hanyar bai sani ba. Har tambayata ya yi wai da gaske ne garin da ganuwa.

Ranar Juma'a nakan tsaya a ƙofar babban masallaci ina duban fuskoki har a watse. Wata rana na hango wani daga baya, tafiyarsa sak ta Baba, kafaɗa ɗaya a karkace. Na bi shi ina haki, ya tsallaka titi na tsallaka, ya hau tudu na hau, ina jin tsoron in kira sunan kada ya gudu. Mun yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya sayen ayaba ya juyo. Ko Bahaushe ba ne. Ya dube ni ya riƙe aljihunsa. Na tsaya a unguwar da ban sani ba, ruwa ya sauko, ban ma san ta inda zan koma ba.

Sau uku na roƙi aron waya a garin nan na kira gida. Da sauƙi, tana barci. Da sauƙi, yanzu ta sha magani. Da sauƙi. Ni kuma in ce alhamdu lillahi in miƙa wa mai waya abarsa.

A mako na biyu wani mai guga ya ce in je wajen Malam Tanimu, in dai mutum ya taɓa taka unguwar nan da allura a hannu, ya san shi. Na same shi a wani ɗan lungu, tsoho tukuf da tabarau mai kauri, yana yi wa babbar riga aiki da hannu. Mutumin cikin birnin Zariya ne, ya fi shekara arba'in a can. Ya kai hoton kusa da hancinsa, ya daɗe yana kallo.

"Lawal bahago," in ji shi. "Ga inda yake ajiye akwatinsa nan. Shekara biyu muna tare."

Na durƙusa a gabansa. Na ce yana ina?

"Bara ya bi wasu zuwa Gabon. Bai bar lamba ba, shi ba ya barin komai. Mutum ne mai zurfin ciki. Sau ɗaya ya taɓa ce mini yana da uwa mai waina a Samaru, daga nan bai ƙara ba."

Ka san abin da na tambaye shi? Na ce, Baba, ta ina ake bi a je Gabon? Wallahi haka na ce. Ya cire tabarau ya dube ni kamar yadda ake duban mai taɓin hankali. Ya sa na ba shi labari tun daga farko. Da na zo kan ciwon Inna sai ya tsayar da ni.

"Yaushe rabonka da jin muryarta? Ita kanta, ba 'yar'uwarka ba."

Na lissafa. Tun Garwa ne, wata guda ke nan ko kusa.

Ya zaro wayarsa daga aljihu ya ce in kira, in buɗe murya. Yaya Hajara ta ɗauka. Na ce ya jikin Inna, ta ce da sauƙi. Na ce ba ni ita, ta ce tana barci. Amma a bayan muryarta ina jin hayaniyar mata da yawa, da ƙarar tukwane, da wata tana cewa a miƙo faranti. Gidanmu ba ya tara mutane haka. Malam Tanimu ya karɓi wayar.

"Yarinya, ni dattijo ne, mutumin Zariya, ƙaninki yana hannuna. In sa shi a mota?"

Yaya Hajara ta ce, "E, Baba. A sa shi."

Ya kashe wayar ya mayar aljihu, ya ɗauki allurarsa. Ya ce in je in haɗa kayana, gobe da sassafe akwai mota. Bai gaya mini komai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Shi ya kai ni tasha da kansa, yana dogara sanda, ya damƙa ni a hannun direba ya ce amana.

Kwana huɗu na yi a hanya. Duk shingen da aka tsayar da mu aka ce a fito da takardu, ji nake kamar in fasa ihu. A cikin motar nakan ce wa kaina wataƙila biki ake a maƙwabta, wataƙila 'yan dubiya ne suka yi yawa. Na shirya abin da zan faɗa mata. Zan ce na samu inda ya zauna, yana lafiya, yana sana'arsa, kuma ya ambace ta. Na yi ta maimaita wannan ta ƙarshen don in faɗe ta daidai, na san ba za ta amsa ba amma za ta ji.

Da hantsi na sauka Kwangila na hau bas ɗin Samaru. Komai yana nan yadda na bar shi, ɗalibai da jakunkunansu, 'yan acaba suna rigima a kan fasinja. Na shiga layinmu da rigar mijin Maman Chidi a jikina. Ƙofar gidanmu ba tabarma, ba kowa, har na ji sanyi a raina. Sai Malam Iro mai shagon kusa da mu ya hango ni, ya taso da sauri ya kama hannuna da hannu biyu.

"Auta, sannu da hanya. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

A bakin mai shago na ji, a tsaye a kan titi, da jaka a kafaɗa.

Yaya Hajara na tsakar gida tana tankaɗe. Ta rame, idanunta sun faɗa. Barandar an share ta tas, an naɗe katifar an jingine a bango. Kwana goma sha ɗaya ke nan da rasuwar. Ranar da Malam Tanimu ya kira, sadakar bakwai ake yi. Na zauna a bakin rijiya na ƙirga da yatsu, ban so ba amma na kasa hana kaina. Ranar da Maman Chidi ta ce in koma gida, Inna tana da sauran kwana takwas a duniya. Daga Gaundare zuwa Samaru kwana uku ne.

"Kin ce mini da sauƙi," na ce cikin fushi. "Har bayan an binne ta kina ce mini da sauƙi!"

"To me kake so in ce maka?" Ba ta ɗaga murya ba. "Kana ƙasar da ba ka san kowa ba, a wayar aro. In ka yanke jiki ka faɗi a titi wa zai ɗauke ka? Kawunmu ya ce kada wanda ya faɗa maka sai ka iso."

"Kafin nan fa? Tana da rai fa?"

"Kafin nan ai ka san abin da ake cewa, Auta. Lokacin Baba, kai da bakinka me ka riƙa gaya wa mutane har ranar da ya cika? Na tambaye ka yaushe za ka dawo. Sau nawa na tambaye ka?"

Na sani sarai, tun ina yaro na sani, ba a cewa jikin mara lafiya ya yi tsanani. Na ji abin da nake so in ji ne kawai, don in samu in ƙara gaba. Fushin ya zube, ya bar ni da abin da ya fi shi ciwo.

Ta kawo mini ruwa na kasa sha. Can na ce mata na samu inda Yaya Lawal ya zauna, ya wuce Gabon. Ta ce Allah ya tsare shi, ta ci gaba da tankaɗenta. Na ce Inna ta bar wata magana?

"Kullum in na zo ɗaga ta sai ta ce ba haka kake yi ba, wai ina ja mata hannu. Kunun ma ta ce nawa ya cika tsami." Ta goge ido da bakin zane. "Ana jibi za ta rasu ta daina cin komai. Da la'asar ta buɗe ido ta dubi ƙofa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mini, 'Hajara, wai wa ya aiki yaron nan?'"

"Me kika ce mata?"

"Me zan ce? Na yi shiru."

Babu wanda ya aike ni. Na zauna a bakin rijiyar nan har inuwa ta bar ni, sannan na tashi na leƙa waje na roƙi Malam Iro ya rufe shagonsa ya zo ya nuna mini kabarin, don ni ban san inda aka sa ta ba.